Tseren Motoci a Gindin Kufena: Sharuɗɗansa da Abin da Yake Ci

Wanda ya zauna a Zariya ya san cewa da wuya lokacin bukukuwan aure ya wuce, tun daga Ƙofar Doka har Tudun Wada da Sabon Gari, ba a ji kukan taya a kan kwalta ba, inda wani saurayi zai murɗa sitiyari ya ja birkin hannu, mota ta juya a tsakiyar jama'a, ƙura ta tashi, yara su bi da shewa. Samari suna kiran wannan wasan mota, dattawa kuwa ganganci suke ce masa, kuma a ganina dattawan suna da gaskiya, ko da yake sha'awar da take ingiza samarin ba baƙuwa ba ce a ƙasar da ta gaji sukuwa da hawan salla da wasan folo. Bambancin shi ne doki yana da filinsa, da ranarsa, da alƙalansa, alhali mota an bar ta ba fili ba ƙa'ida, sai titin da mai talla da almajiri suke bi.

Ba yau ƙasashenmu suka fara ganin motar tsere ba. Tseren nan na Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ya tashi karon farko ran 26 ga Disamba 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma shekaru da dama bayan haka hamadar Tenere ita ce zuciyarsa, kafin sha'anin tsaro ya sa a soke na 2008, a kai shi Amurka ta Kudu, daga bisani Saudiyya a 2020. Motar Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna, a masana'antar da ta soma aiki a 1975, irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a waccan shekarar. A Argungu ma an saba haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi, kuma a 2020 an taso da ayarinsu tun daga Abuja, lokacin da Jelani Aliyu yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Amma labarin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi shi ne na Joginder Singh da ɗan'uwansa Jaswant, waɗanda suka ci Safari a 1965 da Volvo ta hannu, wadda suka gyara da kansu, suka bar motocin manyan kamfanoni a baya.

Abin da ake nufi da tseren masu sha'awa shi ne mutane masu sana'o'insu, malamin makaranta da bakanike da ɗan kasuwa, su haɗu su kafa kulob, su rubuta dokoki, su nemi fili, su riƙa gwada ƙwarewa a ranar hutu, ba don albashi ba. A Ingila an kafa irin wannan kulob a 1939, mai suna 750 Motor Club, musamman domin masu ƙaramar motar nan Austin 7, kuma a cikinsa Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya yi ƙuruciyar sana'arsa. Hukumar da take shimfiɗa ƙa'idojin wasan a duniya ita ce FIA, wadda aka kafa a 1904. Saboda haka matakin farko ga mai niyya ba sayen mota ba ne. Ya fara neman abokan tafiya, in kuwa ya sami inda ake yin tseren bisa tsari, ya je ya roƙi a ba shi tuta ya tsaya a kwana, domin a nan ne zai koyi cewa rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, a sassauta kuma kada a wuce kowa, ja kuwa tana nufin an tsayar da tseren ɗungum, kuma a nan zai ga da idonsa inda direbobi suke kuskure, ba tare da ya biya kuɗin kuskuren ba.

Nau'in da ya fi arha, wanda kuma nake ganin shi kaɗai ya dace da mu a farkon al'amari, shi ne a jera tsofaffin tayoyi a kan fako su zama hanya mai kwana-kwana, a riƙa sakin mota ɗaya bayan ɗaya, ana auna lokacin kowa da agogo, wanda ya taɓa taya a ƙara masa daƙiƙa. Tun da mota ba ta haɗuwa da 'yar'uwarta, kuma hanyar ba ta barin a wuce giya ta biyu, motar gida ma tana iya shiga, muddin birkinta da bel ɗinta lafiya suke, direba kuma ya sa hular kwano.

Idan mutum ya zarce wannan, yana son tseren da motoci suke kafaɗa da kafaɗa, to a nan lissafi yake canzawa, kuma abin da yake ba sabon shiga mamaki shi ne motar kanta ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin kayan. A Amurka akwai wani tsere mai suna 24 Hours of Lemons, wanda dokarsa ta ce kada kuɗin mota ya wuce dala 500, amma da gangan aka cire kayan kare rai daga wannan iyaka, domin an san sukan ninka kuɗin motar sau da yawa. Tsohuwar Golf ko Peugeot da za a samu a hannun dillalai, wadda kayan gyaranta suke zube a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ta wadatar. Abin da ba ya karɓar rangwame shi ne kejin ƙarfen da ake ginawa a cikinta domin ya tokare rufi idan ta wuntsula. Ƙa'idar FIA ta shar'anta bututun ƙarfe marar ɗinki, babban bakan kejin ya kasance mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko faɗin 50 da kaurin 2, a kuma kafa ƙafafunsa a kan farantan ƙarfe a jikin motar. Mai waldan da zai ce bututun famfo ma zai yi, a gode masa a nemi wani, domin kejin da ya karye yakan zama mashi a jikin wanda aka gina shi don ya tsare. Bayan wannan sai kujerar tsere, da bel mai rassa biyar ko shida, da riga da safar hannu da takalma waɗanda wuta ba ta saurin ci, da tukunyar kashe gobara, da makunnin da yake yanke wutar mota gaba ɗaya. Kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu, kuma bel ɗin yana ɗauke da wa'adin shekara biyar, wanda idan ya cika, ko da bai taɓa ganin haɗari ba, alƙalan duba mota ba za su karɓe shi ba.

Wannan kuɗin shiga ne, mafi yawansa ana biyansa sau ɗaya. Wanda yake karya mutane shi ne na kowane fita: tayoyi, waɗanda yini ɗaya na tsere yake yi musu cin da tafiyar watanni ba ta yi, takalman birki, baƙin mai, da man birki, wanda zafi yake tafasa shi har feda ta nutse ba ta kama komai ba, shi ya sa ake zuba DOT 4, mai jure zafin da ya kai digiri 230, a kuma sabunta shi a kai a kai. Fetur kuwa, tun da aka janye tallafinsa a Mayun 2023, kowa ya san tsadar da ya yi. A ƙara da ladan janwe, tun da motar da aka tuɓe wa kujeru da gilasai ba ta hawa titi, sannan a tuna cewa inshorar da aka saba yanka ba ta biyan ɓarnar da ta auku a filin tsere. Nasihar da ma'abota wasan suke yi wa sabon shiga ita ce kada ya kawo motar da ba zai iya haƙura da ita ba idan ta ragargaje a yinin farko, balle motar da yake kai yara makaranta da ita.

Akwai kuma nauyin da yake kan kulob, babbansa shi ne fili. Duk wanda ya tsaya a kan Dutsen Kufena ya dubi shimfiɗar ƙasar da take tsakaninsa da Wusasa zai ce ai ga wuri nan, amma wajibi ne a yi hattara, domin ƙasar tana da masu ita, gonakin mutane ne, kuma a nan ne kufan magabatan Zazzau da ragowar tsohuwar ganuwa suke, waɗanda ba ya halatta a bi ta kansu da taya saboda nishaɗin yini ɗaya. Sai da yardar masarauta da ƙaramar hukuma da manoma, a kuma biya su hakkinsu, a zaɓi fako a cikin rani nesa da kufai da gidaje. Ranar wasa kuwa a tanadi motar asibiti da ma'aikacin lafiya, da 'yan kwana-kwana, da tankar yayyafa ruwa saboda ƙura, a sanar da hukumar kiyaye haɗurra, a ja igiya a tsayar da 'yan kallo nesa, kada ko mutum ɗaya ya tsaya a bayan kwana. Dalili kuwa na ilmi ne: idan gudun mota ya ninka sau biyu, ƙarfin da take ɗauke da shi, da tazarar da take bukata kafin ta tsaya, sau huɗu suke ninkawa.

Malamanmu ba su bar babin tsere ba bayani ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci halaccin tseren dawaki da raƙuma da harbi, Muhtasar na Halil kuma ya keɓe wa musabaƙa babi sukutum. Ko hukuncin lada a tseren dawaki yana hawa kan mota, wannan fatawa ce ta malamai, a tambaye su kafin a sa kyauta. Abin da ba shi da shubuha shi ne 'yan kallo su zuba kuɗi a kan wanda zai ci caca ne, kuma kuɗin da aka zare daga nafaƙar iyali aka sayi taya almubazzaranci ne. Domin kada mai kuɗi ya saye nasara, mutanen Finlan suna da doka a tserensu na talakawa cewa duk motar da ta shiga, dole mai ita ya sayar da ita a kan ƙayyadajjen farashi ga wanda ya taya bayan wasa, don haka babu mai zuba dukiya a inji. Hanya mafi sauƙi a wurinmu ita ce mutum uku ko huɗu su yi tarayya a mota ɗaya, su raba kuɗi su raba tuƙi, bakanikensu kuma ya zama abokin tarayya.

Zariya tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a hanyar Basawa, da sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ɗalibansa suka riga suka ƙera mota suka kai ta gasar tsimin mai ta Shell, da Kwalejin Nuhu Bamalli, ga kuma kanikawa masu basira a kowace unguwa. Kirana ga waɗannan, da iyayen ƙasa, da attajiran da suke ɗaukar nauyin folo, shi ne su zauna da samarin nan masu wasan mota, a rubuta musu dokoki, a nema musu fako, a fara da tayoyi da agogo a rani mai zuwa, da sharaɗin cewa duk wanda aka sake kamawa yana juyi da mota a titin gari, an kore shi daga kulob.