Daga Tukuba Zuwa Ƙamus: Wuraren Cin Abinci na Legas da Hannun Bahaushe a Cikinsu

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin aron kalmomi ya ji malam yana nanata cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai, sai dai ta bi mutum ko ta bi kaya. A watan Janairun 2025 aka sanar da cewa babban ƙamusun Turanci na Oxford ya karɓi wasu sababbin kalmomi daga Nijeriya, kuma a cikinsu har da "suya". Shekara biyar kafin nan, wato a 2020, ƙamusun ya riga ya karɓi "buka", wadda Yarbawa ke nufin ƙaramin gidan abinci da ita, asalinta kuwa ita ce bukkar nan tamu ta kara da ciyawa. Kalmomin nan biyu sun bi ta bakin mutanen Kudu ne kafin su isa Ingila, kuma babu garin da ya yayata su kamar Legas, wadda iyayenmu fatake ke kira Ikko. Wannan maƙala za ta dubi wuraren cin abincin da suka yi fice a wannan birni, da irin rawar da unguwannin Hausawa na Agege da Idi-Araba ke takawa a bayan fage.

Abin da baƙo ke fara gani

Idan aka tambayi ɗan boko mazaunin Legas ina ake cin abinci mai kyau, da wuya bai fara nuna tsibiri ba. A Victoria Island akwai Terra Kulture, cibiyar al'adu da Bolanle Austen-Peters ta kafa a farkon shekarun 2000, inda ake kallon wasan kwaikwayo kuma a ci abincin gargajiya a wuri guda. Akwai kuma NOK by Alara, wanda ya ɗauki sunansa daga tsohuwar wayewar Nok ta kudancin Kaduna, inda ake yi wa girkin Afirka kwalliya irin ta manyan otal-otal. Ƙasa da waɗannan sai gidajen abincin gaggawa, waɗanda Mr Bigg's ya buɗe wa hanya a Marina a 1986, daga baya irin su Tantalizers da Chicken Republic suka biyo sahu. Sai kuma bukkokin amala irin Amala Shitta na Surulere, inda mai kwat da mai tura baro ke bin layi ɗaya, kowa da kwanonsa.

Duk waɗannan na rana ne da farkon dare. Da zarar an yi sallar isha'i, hayaƙi ya fara tashi a bakin titi, to gari ya koma hannun mai nama.

Obalende, Glover da Allen

Sunaye uku ne suka fi yawo a bakin mutanen Legas idan ana zancen nama: Obalende, da Glover Court da ke Ikoyi, da kuma University of Suya da ke kan titin Allen a Ikeja. Na ƙarshen nan, wato Jami'ar Suya, ita ce kaɗai jami'ar da ba a rubuta jarrabawar shiga, ba a kuma taɓa jin malamanta sun tafi yajin aiki ba, ko da yake yaji bai yanke mata ba.

Biyun farko suna da tarihin da ya kamata ɗalibin Hausa ya sani. A shekarar 1863 wani jami'in sojan ruwan Ingila mai suna John Hawley Glover, wanda ya riƙe mulkin Legas, ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa. Da sunan "Hausawan Glover" aka san su, kuma daga wannan runduna ce sojojin Nijeriya ke lissafa asalinsu har gobe. Titin Glover na Ikoyi, inda manyan motoci ke jeruwa da dare ana jiran a yanka nama a naɗe a takarda, sunan wannan Bature yake ɗauke da shi. Ita kuwa Obalende, unguwa ce da ta tashi a matsayin mazaunin sojoji da iyalansu, Hausawa da yawa a ciki, kuma ana fassara sunanta na Yarbanci da cewa "nan sarki ya koro mu". A gefenta ne barikin Dodan yake, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har zuwa 1991 da aka mayar da gwamnati Abuja. Inda duk aka tara sojoji da ma'aikata da direbobi masu kwana a waje, ga albashi a aljihu, to mahauci ba ya buƙatar a aika masa goron gayyata. A ganina wannan ne ya sa sunan Obalende ya manne da nama, har ta kai wani gidan abinci a unguwar Peckham ta Landan ya yi suna da Obalende Suya.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan wurare sun yi fice ba tare da abubuwan da ake auna babban gidan abinci da su ba. Babu takardar jerin abinci mai shafi goma, babu ma'aikaci mai ɗamarar wuya. Wuta ce da wuƙa da faranti, sai gwanintar hannu: sanin inda za a yanka, da yawan man da za a yayyafa, da lokacin da za a juya. Mai saye yakan tsaya a ba shi ɗanɗano kafin ya ce a yanka masa na nawa, al'adar da aka ɗauko daga kasuwannin Arewa ba a rage komai ba. Sun kuma koya wa birnin gaba ɗaya wani lokacin cin abinci da wani ɗanɗano. Yau a manyan gidajen abinci na tsibiri za ka iske kaza da kifi da jatan lande an barbaɗa musu yajin ƙuli-ƙuli an kira su da sunan suya, an kuma ninka kuɗin.

Suya ko tsire?

A nan ne aikinmu na masu nazarin harshe ya shigo. A Hausa, "suya" suna ne da aka samo daga aikatau "soya", kamar yadda aka sami "gashi" daga "gasa". Suya sai da mai a kasko: ana suyar ƙosai, ana suyar gyaɗa, ana suyar naman layya. Abin da ake kafawa a tsinke a jera a kewayen wuta bisa tukuba, sunansa tsire. Wanda ake gasawa a shimfiɗe bisa waya ba tsinke, a yayyanka wa mai saye, shi ne balangu. Wanda kuwa ake feɗewa fale-fale a shanya a rana, a tsoma a labu, a sake shanyawa sannan a nuna masa wuta, kilishi ke nan. Bahaushe ya bambance su sarai domin sana'ar gidansu ce, tana da Sarkin Fawa da tsarin gado.

Mutumin Legas ya tattara tsire da balangu, da gasasshiyar kaza da ƙoda da hanta da tumbi, ya sa musu suna ɗaya. Wannan shi ne abin da muke kira faɗaɗar ma'ana, kuma ga shi har da sauyin ma'ana a ciki, tunda abin da ake kira suyar ma gasa shi ake yi. A Kamaru ma "soya" ake ce masa. Haka kalmar "aboki" ta yi a Legas: ta tashi daga ma'anar amini ta koma sunan duk wani ɗan Arewa mai ƙaramar sana'a, wani lokaci ma da sigar raini. Mutum zai ci naman wani shekara goma, ya san hannunsa, ya san ranar da yajinsa ya yi daidai, amma bai san ko sunansa Sani ne ko Garba ba.

Aron bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. Mu ma mun karɓo agushi da teba da alale daga Yarbawa, su kuma suna ce wa albasa "alubosa", suna kuma tuƙa abin da suke kira tuwo.

Agege da Idi-Araba

Mai karatu zai iya tambaya, daga ina duk wannan nama yake fitowa? Amsar tana Agege. Layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma an haɗa shi da Kano. Agege tasha ce a kan wannan layi, ga gonakin goro a kewayenta, don haka fataken goro suka kafa zango a nan, suna tura goro Arewa, shanu kuma suna gangarowa. Irin wannan ciniki na goro da shanu ne Abner Cohen ya yi nazari a kansa a unguwar Sabo ta Ibadan, a littafinsa na 1969, inda ya nuna yadda masu masauki da dillalai suke riƙe amanar baƙi da bashin mahauta. Har yau Agege na da Sarkin Hausawanta, kuma babbar mayankar Legas tana Oko-Oba ne, a yankin na Agege. Tireloli na kwaso shanu daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari da Wudil da Illela, su yi tafiyar da ta kai kilomita 1,000 ko fiye kafin su sauke. Tumatir da attaruhu da albasar da ake yankawa a gefen naman kuwa, kasuwar Mile 12 suke sauka, daga irin su Kadawa ta Kano da Aliero ta Kebbi.

Idi-Araba tana cikin ƙaramar hukumar Mushin, maƙwabciyar asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da aka buɗe a 1962. A lungunanta, kamar a zangon Agege, akwai wani rukunin wuraren cin abinci da jaridu ba su cika kulawa da su ba. Nan ake samun tuwon shinkafa da miyar taushe, da tuwon masara da miyar kuka, da waina da ɗanwake da fura da nono, yawanci a hannun mata, a rumfa ko a ƙofar gida, benci biyu da tukwane a jere. Ba su da allon suna. Da sunan mai tuwon ake kiran wurin, ko da sunan garinsu, kuma kwatance ake yi da masallaci ko tashar mota. Masu cin abincin su ne 'yan dako da masu gadi da 'yan canji da direbobin tirela, mutanen da suka baro iyali a gida. Ga wanda ya zo cin rani, irin wannan rumfa ita ce wurin jin labarin gida, da neman aiki, da ba da saƙon kuɗi ga mai tafiya. Sau da yawa ma a nan ake cin bashin abinci har a sami abin yi.

To me ya sa nama ya tsallaka ya mamaye gari, tuwo kuma ya tsaya a zango? Dalilin da na fi gamsuwa da shi shi ne, nama bai tarar da kishiya ba. Bayarabe na da amalarsa da sakwararsa, Inyamuri na da akpunsa, kowa kuma miyar uwarsa ce ta fi masa daɗi, don haka tuwo ya zo ya iske gurbin a cike. Gasasshen naman dare mai yaji kuwa babu mai shi. Haka mai shayi ya samu shiga. Teburinsa, da gwangwanayen madara a jere da burodin Agege mai laushi da nauyi, ya zama wurin karin kumallo da abincin tsakar dare na talakan Legas ko wane yare yake ji, musamman bayan da taliyar Indomie ta bazu daga shekarun 1990, aka haɗa ta da wainar ƙwai.

Ranar da hanya ta toshe

Wannan dogaro da juna ba a cika ganinsa ba sai an sami matsala. A farkon Fabrairun 2002 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa a Idi-Araba, aka yi asarar rayuka da dama, aka ƙona gidaje da rumfuna, dubban mutane suka bar muhallinsu. A watan Maris na 2016 an rufe kasuwar Mile 12 na wani lokaci bayan wani rikicin, a shekarar da kuma tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da maƙwabtanta har tumatir ya gagari talaka. Sannan a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu. Kimanin mako guda aka yi, amma farashin nama da tumatir ya yi tashin gwauron zabo a Legas, su kuma manoman Arewa kayansu ya riƙa ruɓewa a kwando. Babu wanda ya ci riba. Daga mai bukkar amala a Mushin har mai dafa wa attajirai a Ikoyi, kowa ya gane cewa tukunyarsa tana jiran tirelar da ke tsaye a Jebba.

Akwai kuma wani sauyi da ke tafe a hankali. Matasa 'yan boko a Legas sun fara buɗe shagunan zamani na nama, da rassa da tambari da masu kai wa mutum har gida idan ya yi oda ta waya. Sooyah Bistro misali ne, kuma ɗalibi ya dubi yadda aka sake wa kalmar rubutu don ta dace da allon talla. Ana sa naman a cikin shawarma da burodi, abin da mahaucin da bai taɓa tunani ba. Ita kuwa kalmar, bayan wannan dogon yawo, ta komo gida da sabuwar ma'anarta. A Abuja da Kano akwai Yahuza Suya, kuma ba abin mamaki ba ne yau ka ji yaro a Zariya, wanda kakansa ya tashi a gindin tukuba, an aike shi sayen tsire ya ce zai je wurin mai suya.