Jalutu, Yayan Buzuzu

A shekarar 1766 wani jirgin Turawa yana tsaye a bakin kogin Gabon, sai aka hangi wani abu ruwa na tafe da shi. Da aka tsamo, ashe mushen ƙwaro ne, ya kusa cika tafin hannu. Tsintuwa ba sata ba, aka tafi da shi Landan, ya faɗa hannun likita William Hunter. Wani maƙerin azurfa mai tara ƙwari, Dru Drury, ya samu zanensa ya buga a littafinsa na 1770 ba da yardar mai shi ba, har rai ya ɓaci. Shekara ta kewayo, masani Linnaeus ya raɗa masa suna goliatus, wato Jalutu, ƙaton nan da Annabi Dawuda ya kashe. Wannan mushe yana nan ajiye a Jami'ar Glasgow har yau.

Suna linzami ne, amma dangi ba a zaɓensu. Da masana suka bi salsalar wannan basamude, sai ta kai su gidan buzuzu, mai gungura kashi a bayan gari. Zuriya ɗaya ce, ana ce mata Scarabaeidae. Shaidar tana bakin gashin nan biyu na kansu, inda ƙananan faifai suke buɗewa kamar mafici. Tsutsarsa ma gwazarma ce, fara, a lanƙwashe, sai dai tasa takan kai nauyin giram 100. Ta ci ta ƙoshi, ta gina wa kanta ɗaki da ƙasa, ta kwanta ciki duk rani, ruwa na sauka ta fito da fiffike.

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Misirawan dā sun kalli buzuzu yana tura dunƙulensa suka ce haka ake turo rana daga gabas, shi kuwa Jalutu bai gaji wannan sana'a ba. Abincinsa ruwan jikin itace da nunannun 'ya'yan itatuwa. A dazukan Kamaru ana yawan samunsa manne da wata bishiya 'yar'uwar shuwaka, yana tsotson inda ɓawo ya tsage. Namiji yakan kai santimita 11, da ƙaho mai baki biyu kamar gwafa, wanda yake cusawa ƙarƙashin abokin hamayya ya ɗaga shi daga kan reshe. Mace ba ta da ƙaho, kanta kamar bakin magirbi yake, don haƙa inda za ta zuba ƙwai. In zai tashi, ba ya buɗe garkuwar bayansa kamar sauran ƙwari. Fikafikan ne ke zamewa ta gefe su fito, da ruri mai sa mutum ya waiwaya.

Wahalar masana ta fara ne daga riga. Yawancinsu sun tsaya a kan jinsi 5. Goliatus, na Kamaru da kudu maso gabashin Najeriya har zuwa Kenya, bayansa ruwan ƙasa ne, ƙeyarsa baƙa da ratsin fari. Regius, na Gana da Kwaddibuwa da maƙwabtansu, farar riga yake sawa mai baƙin aiki. Cacicus, na dazukan bakin teku daga Laberiya zuwa Gana, ƙeyarsa ruwan goro, bayansa na ƙyalli kamar azurfa. Orientalis yana kudancin Kwango da Tanzaniya, albosignatus kuma, autansu a jiki, yana kudancin Afirka.

Da a nan zancen ya tsaya, da yaro ma ya raba su. Amma goliatus yakan fito da farar riga sol, ko mai ɗigo huɗu, ko mai rodi-rodi. Masu tara ƙwari a Turai suka riƙa raɗa wa kowace riga sabon suna, sunaye suka taru fiye da masu su. Kama da wane ba ta wane. Shi ya sa gwani ba ya tsayawa a launi. Zai auna ƙahon, ya duba haƙoran da ke ƙwaurin ƙafar gaba, ya fiddo gaban namiji ya sa a madubin ƙara girma, ya tambayi dajin da aka kamo shi da watan da aka kama, sannan ya gwada da na farkon da aka raɗa wa sunan. Yanzu an ƙara da gwajin ƙwayoyin halitta.

Wanda ya fi ba su ciwon kai shi ne atlas. A 1887 aka yi masa suna a matsayin jinsi mai zaman kansa, kuma samunsa sai an dace. Ya ɗauko wani abu na regius, ya ɗauko wani na cacicus, ba a kuma ganinsa sai inda waɗannan biyun suke zaune tare. Daga baya masana suka karkata ga cewa ruwa biyu ne, kamar alfadari tsakanin doki da jaki.

To, atlas ba ya samuwa sai iyayen nan biyu sun haɗu a jikin itace ɗaya. Dazukan Kwaddibuwa kuwa gonakin koko sun cinye mafi yawansu, 'yan kasuwa na busar da ƙwarin da suka rage suna aikawa ƙetare, har cacicus ya zama sai an sha yawo kafin a gan shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ma Jalutu sai ɓawo ya tsage yake cin abinci, ɓawo kuwa sai da bishiya a tsaye.