Shirin Gajeriyar Tafiya Daga Katsina Zuwa Birnin Guangzhou

Guangzhou shi ne babban birnin lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, yana zaune a bakin kogin Pearl, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa sun haura miliyan 18. Idan aka ce ɗan kasuwar Katsina ya tafi Caina, akasari wannan birnin ake nufi. Yadi da takalma da jakunkuna da wayoyi da fitilun sola da ke cike da shaguna a Babbar Kasuwar Katsina, da yawansu daga can ko daga garuruwan da ke kewaye da shi suka taso, ko da kuwa sai da suka biyo ta Kantin Kwari kafin su iso. Kasuwanci da baƙi tsohuwar sana'ar garin ce: daga 1757 zuwa 1842 nan ce kaɗai tashar da sarakunan Sin suka yarje wa Turawa su yi ciniki a cikinta, da sunan Canton. Mai zuwa na mako guda ko kwana goma ba zai iya ratsa gari irin wannan da tambaya a hanya ba. Yawancin abin da zai sa tafiyar ta yi riba tun a gida ake kammala shi.

Abu na farko shi ne lokaci. Baje kolin Canton, wanda aka fara a 1957, ana yin sa sau biyu a shekara a unguwar Pazhou: daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sannan daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Kowanne an raba shi zango uku na kwana biyar-biyar. Zangon farko na kayan lantarki ne da injuna da kayan gyaran motoci, na biyu na kayan amfanin gida da kayan ɗaki da na gini, na uku kuma na tufafi da yadi da takalma da jakunkuna da kayan asibiti. Mai neman yadi da ya sauka a zangon farko zai tarar da injuna, ya yi zaman jira yana biyan kuɗin masauki. Masaukin kuwa tsada yake yi sosai a waɗannan makonni. Baje kolin ya fi dacewa da mai cika kwantena daga masana'anta guda. Mai ƙaramin jari, wanda zai tara kaya kala-kala daga shaguna da yawa, ya fi masa sauƙi ya je a lokacin da garin ya lafa.

Akwai lokutan da ake kauce wa gaba ɗaya. Sabuwar shekarar gargajiyar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma a lokacin ma'aikata kan koma ƙauyukansu, masana'antu da kasuwannin sari su rufe har na makonni. Makon farko na Oktoba ma hutun ƙasa ne. Damina tana kankama daga Afrilu zuwa Satumba, da zafi mai gumi da wanda ya saba da busasshen zafin Katsina ba ya jin daɗinsa, ga guguwar teku da kan jinkirta jirage. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ne garin ya fi daɗin yawo.

Sai takardu. Fasfo dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Bizar kasuwanci ita ce mai harafin M, tana buƙatar takardar gayyata daga kamfani ko daga masu shirya baje koli, ta yawon buɗe ido kuma mai harafin L ce. Ofishin jakadancin Sin yana Abuja, ƙaramin ofishin yana Legas. Ana kuma neman katin allurar shawara ga mai fitowa daga Najeriya. Abin da ya fi jefa mutane cikin wahala shi ne kwanakin da aka rubuta a jikin bizar. Doka ta tanadi tarar yuwan 500 a kan kowace ranar da aka wuce, har zuwa yuwan 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Haka nan dole a yi wa baƙo rajista a wurin 'yan sanda cikin awa 24 da saukarsa. Otal shi ke yin wannan da kansa, amma wanda ya sauka a ɗakin ɗan'uwa ko abokin ciniki, shi zai kai kansa ofishin 'yan sandan unguwar. Ba kowane otal ne ya saba karɓar baƙi 'yan ƙasar waje ba, don haka ana tabbatarwa kafin a biya. Najeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a birnin, kuma lambar wayarsa ta cancanci a rubuta ta a takarda.

Filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ba ya da jirgin da ke bin wannan hanya, saboda haka tafiyar daga Kano ko Abuja take farawa. Daga filin Malam Aminu Kano ana bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, a canja jirgi. Daga Addis Ababa kaɗai zuwa Guangzhou wajen awa goma ne a sama. Agogon can ya riga na Najeriya da awa bakwai: lokacin da ake la'asar a Katsina, dare ya raba ko ya kusa a can. Wanda ya ce zai yi mako guda, in ya cire ranar zuwa da ta dawowa da ranar gyangyaɗi, abin da ya rage masa na aiki bai wuce kwana huɗu ba. Kilishi da dambun nama da ake cusa wa matafiyi a jaka ba sa wuce kwastan, domin an hana shiga da nama. Kuɗin waje da ya haura dala 5,000 sai an bayyana shi. Saƙon wani kuwa, muddin ba a buɗe shi an ga abin da ke ciki ba, ba a ɗaukarsa ko na wane ne, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar yana kaiwa ga kisa.

Waya ita ce rabin guzuri. WhatsApp da Facebook da YouTube da duk hidimomin Google ba sa aiki a kan intanet ɗin ƙasar, sai dai ta layin waje da aka buɗe masa yawo. Abin da kowa ke amfani da shi shi ne WeChat: da shi ake magana da mai shago, a turo hoton samfuri, a fassara saƙo, a biya kuɗi. Shi da Alipay sun kusa kore takardar kuɗi daga hannun mutane, har mai sayar da 'ya'yan itace a gefen titi alamar biya yake mannawa a jikin kekensa. Tun 2023 an sauƙaƙa haɗa katin bankin waje da manhajojin biyu, amma katin naira ba ya da tabbas a waje, shi ya sa ake gwada komai tun kafin a tashi. Najeriya da Sin sun ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 a 2018, sai dai ƙaramin ɗan kasuwa har yau ta hannun 'yan canji yake aika kuɗinsa, kuma nan ne wurin da ake neman mutumin da aka san asalinsa. Adireshin masauki da na kowace kasuwa a ajiye su da rubutun Sinanci, domin direban tasi ba lallai ne ya karanta boko ba.

Daga filin jirgin Baiyun, layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana shiga gari. Unguwanni biyu ne suka shahara da 'yan Afirka. Sanyuanli, a kan layi na 2, nan ne 'yan Najeriya suka fi yawa, musamman 'yan ƙabilar Ibo, a kasuwannin tufafi na titin Guangyuan ta yamma. Xiaobei, a kan layi na 5, ta fi tara Musulmi: mutanen Mali da Gini da Senegal da Nijar, da Larabawa, da Musulmin Sin ɗin kansu. A benen Tianxiu da lungunan da ke kusa da shi ake samun ofisoshin masu tura kaya da gidajen abinci na halal, kuma a nan Bahaushe ya fi saurin jin harshensa. Yawan 'yan Afirka a unguwannin ya ragu idan aka kwatanta da shekarun baya, musamman bayan korar da aka yi wa wasu daga masaukansu a Afrilun 2020 lokacin annobar korona, lamarin da ya sa hukumomin Najeriya suka kira jakadan Sin don jin ba'asi.

Kasuwannin kansu a rarrabe suke bisa sana'a, kamar yadda layin 'yan yadi yake daban da na 'yan takalma a kasuwar gida, sai dai a nan tsakanin layi da layi tafiyar awa guda ce. Yadi yana Zhongda, kusa da jami'ar Sun Yat-sen. Tufafi suna Baima, daura da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da kuma Shisanhang, inda cinikin safe ake yi, wanda ya makara ya tarar ana ɗaure kaya. Jakunkuna da kayan fata suna wajen Guihuagang. Tayil da kujeru sai an fita zuwa Foshan, fitilu sai Guzhen, kayan waya kuma sai Huaqiangbei a Shenzhen, wadda jirgin ƙasa mai gudu ke kaiwa cikin kimanin rabin awa daga tashar kudu. Kasuwa ɗaya a rana ita ce ƙa'idar masu hankali. Ranar farko ta tambayar farashi ce, ba a ciro kuɗi. Dillali ko tafinta yana da amfani ga sabon zuwa, amma la'adarsa a yanka ta tun da farko, domin wanda bai faɗi tasa ba yana karɓa ne daga wajen mai shago, kuma a cikin farashin take. Idan an yi oda, kafin alƙalami kawai ake bayarwa, a ajiye samfuri mai sa hannun ɓangarorin biyu, cikon kuɗin kuma sai an buɗe kwali an duba a sito.

Alƙibla a Guangzhou yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, abin da kan rikita wanda duk rayuwarsa gabas yake fuskanta. Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta yana cikin mafi daɗewa a ƙasar, da hasumiyarsa mai tsayin mita 36. Al'adar Musulmin garin tana danganta shi ga Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma akwai kabarin da ake jingina masa a masallacin Xianxian, kusa da lambun Yuexiu, inda Juma'a ta fi cika. Malaman tarihin Musulunci dai sun tafi a kan cewa a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Abincin garin cike yake da naman alade, don haka ana neman koren allo mai alamar halal, wanda shagunan taliyar Lanzhou ke ɗauke da shi a kusan kowace unguwa. Mai sauran yamma guda zai iya hawa hasumiyar Canton, wadda aka buɗe a 2010, mai tsayin mita 600, ko ya zaga tsibirin Shamian ya ga tsoffin gine-ginen Turawa.

Kwana biyun ƙarshe na kaya ne. Masu nauyi kaɗan da tsada, irin su wayoyi, jirgin sama ake ba wa, ana biya bisa kilo. Sauran a jirgin ruwa suke tafiya, ana biya bisa girman wurin da suka ci a kwantena, kuma sukan ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin su isa Legas ko Onne. Mai kwantena tasa shi kaɗai yana buƙatar buɗe takardar Form M a banki da shaidar ingancin kaya ta SONCAP tun kafin a yi lodi. Mai haɗaka da wasu kuma ya tabbatar an rubuta alamarsa a kowane kwali, ya karɓi rasit mai adadi da nauyi. Daga bakin teku tirela ce ke hauro da kayan arewa, ko da yake tashar tsandauri ta Dala a Kano ta buɗe a 2023, ta Funtuwa kuma a 2024. Kuɗin dakon ruwa da na kwastan da na tirela har Katsina ana haɗa su da farashin sari tun ana tsaye a gaban shagon, kafin a ce an saya.