Masana Taurari Da Kyautarsu Uku

A farkon Janairu, Katolikan Mubi kan tuna da masana taurarin da suka taso daga gabas har Baitalami. Linjilar Matiyu ba ta faɗi adadinsu ba. Kyautarsu uku, wato zinariya da lubban da mur, ita ta sa ake cewa su uku ne. Malaman Kirista sun ce zinariya alamar sarauta ce, lubban ta ibada, mur kuwa ta mutuwa.

Bayan komawarsu, Yusufu ya gudu Masar da Maryamu da jaririn, don tsoron Sarki Hirudus. Mutanen Mubi da suka tsallaka Kamaru da goyo, sa'ad da Boko Haram ta kama garin a 2014, ba sai an fassara musu wannan sashe ba.