Bidiyo Mai Nauyi Ba Ya Isa Ga Talaka: Darasi Daga Ambaliyar Maiduguri

Ran Talata 10 ga watan Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari ruwa ya ci unguwanni da dama, bayan da madatsar ruwan Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Ruwa ya shiga Gwange, da Kasuwar Monday, da fadar Mai Martaba Shehun Borno, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Kafin rana ta take, labarin ya kai Kano da Ikko ta hotunan bidiyo da jama'a suka ɗauka da wayoyinsu na hannu.

Amma fa duk mai waya ya san abin da kan faru a irin wannan rana. A aiko masa bidiyo, ya taɓa, 'yar da'ira ta yi ta juyawa, hoto ya ƙi buɗewa, data kuwa tana tafiya. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan kamfanin waya, alhali kuwa nauyin bidiyon ne ya fi ƙarfin layin.

Daga ina nauyin ya fito?

Bidiyo dai jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa da sauri, 25 cikin daƙiƙa ɗaya a talabijin ɗin Nijeriya, ko 30 a yawancin wayoyi. Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin ɗigo 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2, watau wajen megabait 6 ke nan. In aka bar shi yadda yake, minti ɗaya tak zai haura gigabait 9. Babu layin wayar da zai ɗauki wannan kaya. Saboda haka tilas a matse shi.

Ga yadda matsewar take. A ce mutum ne ke jawabi a gaban bango. Bakinsa da hannunsa ke motsi, bango kuwa yana nan inda yake. To, sai na'ura ta ajiye cikakken hoto guda jefi-jefi, a tsakani kuma ta rubuta abin da ya sauya kaɗai. Har wa yau takan zubar da ƙananan bambancin launi waɗanda ido ba ya lura da su. Wannan ne dalilin da ya sa hoton ruwa mai gudu yakan farfashe ya zama dabbare-dabbare: ko'ina motsi yake, babu bangon da za a yi tsimi a kansa. Mai ɗaukar hoto in ya tsai da hannunsa, ya rage wa na'urar aiki.

Wace hanya ce ta fi dacewa?

Akwai hanyoyin matsewa iri-iri. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce H.264, wadda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya tare da kwamitin masana na MPEG suka fitar a 2003. Kusan kowace waya da kwamfuta tana iya buɗe ta. A 2013 aka fito da H.265, wadda kan rage nauyi har kusan rabi, sa'an nan AV1 ta biyo baya a 2018. Sai dai tsofaffin wayoyi da masu araha ba duka ke jure waɗannan sababbi ba. Wata wayar ta ƙi buɗewa, wata ta yi zafi ta shanye batir. Wanda ke son saƙonsa ya isa ga kowa, gara ya tsaya ga H.264 cikin fayil na MP4.

Lissafin ba shi da wuya. Minti ɗaya da waya mai kyau ta ɗauka yakan kai megabait 100 ko fiye. In aka rage tsayin hoton zuwa ɗigo 480, aka kuma tsai da gudunsa a megabit 1 cikin daƙiƙa, mintin nan zai koma megabait 7 da rabi, kuma a fuskar waya ya isa a gane fuska da wuri. Akwai manhajoji na kyauta da ke wannan aiki, kamar su HandBrake da FFmpeg. Suna kuma iya mai da bayanin jerin hotunan zuwa farkon fayil, domin bidiyo ya soma wasa tun bai gama sauka ba. Amma kada a matse murya har ta dusashe, domin a sanarwa muryar ce saƙon.

Manyan kamfanoni irin su YouTube da Facebook suna da tasu dabara. Sukan yi wa bidiyo ɗaya kofe da yawa, daga mai nauyi zuwa mara nauyi, su yayyanka kowanne guntu-guntu na 'yan daƙiƙu, waya ta riƙa zaɓen wanda layinta zai iya ɗauka a lokacin. Kamfanin Apple ya fito da irin wannan tsari a 2009, aka kuma kafa na ƙasashen duniya mai suna DASH a 2012. To amma wannan taimako ga mai kallo yake. Mai aikawa kuwa, sai kayansa sun bar wayarsa tukuna, kuma mai nauyi kan maƙale a hanya.

Abin da ya sa ya shafi Borno

Mutanen Maiduguri sun san tsadar sadarwa. A watan Mayun 2013 aka katse layukan waya a jihar lokacin dokar ta-ɓaci. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka lalata turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya yi watanni cikin duhu, cajin waya ma sai da kuɗi. Gaskiya ne a 2022 kamfanin MTN ya sa Maiduguri cikin birane 7 na farko da zai kai wa layin 5G, amma ba kowa ke da wayar da ke kama shi ba. Ga shi kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100.

Saboda haka ya kamata gidajen talabijin irin su BRTV da NTA Maiduguri, da ofisoshin gwamnati, da ƙungiyoyin agaji, su riƙa fitar da kowace sanarwa ta bidiyo da kofe mara nauyi, gajere, mai murya tar, cikin Hausa da Barbarci. Irin wannan ko babu layi ana iya miƙa shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, a kasuwa ko a sansanin 'yan gudun hijira.

Ruwan Alau ya taɓa shiga birnin a 1994, ya kuma dawo bayan shekara 30. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikacin da zai aika da sanarwar gaggawa, yanzu ne ya kamata ya koyi matse ta. Allah ya kiyaye gaba, amin.