Tsohuwa mai saƙa da ke gano mai kisa

Akwai wani salon ƙagaggen labari da Turawa ke ji da shi: a yi kisa a ƙaramin gari, ba a nuna jini, kuma ba ɗan sanda ke tona asirin ba. Uwar wannan salo ita ce Miss Marple, tsohuwar da Agatha Christie ta ƙirƙira, wadda littafin farko a kanta ya fito a Ingila a 1930. Tana zaune da ulu da allurar saƙa, kowa na sakin baki a gabanta saboda raini.

Mu ma muna da garuruwan da za su dace da wannan salo. Garin Gaya, da gada ta haɗa da Malanville, ga Kamba kusa, baƙi ba sa yankewa, bai rasa irin waɗannan tsofaffi masu kunnen ƙasa ba. Marubutanmu, ga fili.