Kiwon zuma a Bune: Wutar ɗiba ce ke korar ƙudan

A kudancin gundumar Gure da ke jihar Damagaram, ƙaramar hukumar Bune na zaune tsakanin tuddan yashi da kwaruruwan da goruba da dabino suka yi wa ƙawanya. Damina gajera ce, ba ta cika wuce wata uku ba, amma ƙudan zuma ba sa rasa fure. Dakwara da magarya na yin fure da damina zuwa kaka, shi kuwa gawo sai rani ya shigo yake fitar da nasa, lokacin da sauran itatuwa suka bushe.

Wannan ya sa mai sha'awar kiwon zuma zai iya farawa da amya ɗaya ko biyu ba tare da ya bar sana'arsa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar ɗiba.

A al'ada, ana saƙa amya da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a rataye a bishiya. Idan ta cika, sai a hau da dare da wutar kara, a kwashe duk abin da ke ciki, zuma da 'ya'ya. Ƙudan da yawa na ƙonewa, sauran su yi ƙaura, zumar ta fito da warin hayaƙi. Tartsatsi ɗaya kuma na iya tayar da gobarar daji a yankin da makiyaya suka dogara da busasshiyar ciyawa har zuwa saukar ruwa.

Amyar katako irin ta Kenya, mai jerin sanduna a sama, ta rage wannan asara. Kowace sanda na ɗauke da saƙa guda, don haka ana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a duba. Hayaƙi kaɗan mai sanyi ya isa ya kwantar da ƙudan. Saƙar da suka rufe bakinta da kaki ita ce ta nuna. Wadda ba a rufe ba tana da ruwa da yawa, kuma zumar da ruwanta ya haura kashi 20 cikin 100 kan yi tsami a kwalba. Saƙar 'ya'ya ba a taɓa ta, ana kuma bar musu wani kaso na zumar da za su ci kafin sabon fure.

Da bazara, kwanon ruwa a inuwa kusa da amya, da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse, na iya hana su gudu.

Tun 2018 ake bikin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya a kowace 20 ga Mayu, saboda rawar da suke takawa wajen barbarar furanni. A kwaruruwan Bune, masu noman kabewa da kankana na cikin waɗanda ke cin wannan moriya. 'Yan ci-rani da ke son tallafa wa ƙanne a gida kuwa, abin da za su fara saya shi ne amyar katako, rigar kariya da abin hura hayaƙi, domin zuma, ga zaƙi ga harbi.